Littafina a Ɗakin da Aka Kulle

Washegarin sadakar bakwai ɗin mijina aka kulle ɗakin karatunsa. Yayansa ne ya kulle da hannunsa, ya jijjiga ƙofar ya tabbatar ta kama, sannan ya jefa makullin a aljihu. Ina cikin gida a kan tabarmar takaba, ban gani ba, ƙara kawai na ji. Na daɗe a gidan nan namu na Nassarawa, tun 'ya'yanmu suna goye, na san kukan kowace ƙofa. Ba sai an gaya mini wacce aka rufe ba.

A ranar ban ce uffan ba, don haka ake yi. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an zo rabon gado. Mu kuma 'ya'ya mata biyu Allah ya ba mu, saboda haka Yaya da ƙannensa suna da rabo a abin da ɗan'uwansu ya bari. Yaya mutum ne mai gudun magana, ba ya son gobe wani ya ce an zare takardar fili ko an ɓoye agogo. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kulle littafina a cikin kayan gado. Littafin ba na mamaci ba ne, ni ce mai shi, kuma ina nan da raina.

Ga yadda aka yi ya shiga ɗakin. Da na yi ritaya daga koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, sai na kama rubuta labarin matan gidan da na tashi a Tudun Murtala: kakata mai ƙuli-ƙuli, gwaggona ungozoma da ba ta shakkar kowa, da mahaifiyata da ta koyi karatun boko daga littattafan makarantarmu bayan mun girma. Shekaru na yi ina wannan aiki. A ɗakina nake rubutu, a ƙaramar kwamfutata ta ɗorawa a cinya, amma ba a cikinta rubutun yake kwana ba. Mijina yana da babbar kwamfuta a ɗakin karatu, tana kan inbata mai ajiye wuta, ba ya kashe ta dare da rana. Shi ya haɗa su biyun. Ya buɗe mini folda a cikin tasa, ina ganinta daga tawa kamar a gabana take. In na gama babi sai in ajiye a can, shi kuma bayan la'asar ya buɗe ya karanta, ya bi gefen shafin da jan rubutu. “Jimlar nan ta yi tsawo, numfashina ya ƙare.” “Kin cika kare gwaggonki.” “A nan na yi dariya.” In an yi magariba mu haɗu a kan tuwo mu yi ta musu a kan abin da ya rubuta.

Kada wani mai wayo ya tambaye ni me ya hana ni ajiye kwafi a wani wuri. An tambaye ni har na gaji da ji. Wurin da na fi amincewa da shi a duniya shi ne ɗakin mutumin nan, a can kuwa na ajiye.

Babi ɗaya ne kawai bai shiga foldar ba, na ƙarshe. Mijina yana kwance a asibiti na gama shi. Ya ce in kawo masa a takarda, don idonsa ba zai jure kallon kwamfuta ba. Na dawo gida da rana, na tarar gidan cike da 'yan dubiya da suka zo daga garinsu. Na danna na tura babin ga firintar da ke ɗakinsa, na je na tsaya a kanta, ko motsi ba ta yi ba. Na ɗauka tawada ce ta ƙare, ga direba yana jira da kwandon abinci, sai na koma asibitin hannu rabbana. Na ce masa gobe. Ya ce ba komai, ai babin ba gudu zai yi ba. Kafin in sake tunawa da firinta, ana yi masa wanka.

Bayan kulle ɗakin da 'yan kwanaki Yaya ya shigo gaishe ni. Ya zauna a kujerar bakin ƙofa, muka gaisa, ya tambayi haƙuri, ya yi addu'a. Sai ya ce, kamar yana ba ni labarin gyaran famfo, washegarin sadakar arba'in zai kira mai gyaran kwamfuta ya wanke ta ɗakin karatu tas, ya goge duk abin da ke cikinta, kafin a shigar da ita cikin kayan da za a raba.

Na ce, “Yaya, akwai aikina a ciki.”

“Wane irin aiki, Hajiya?”

“Littafin da nake rubutawa. Duk yana ciki, har da gyaran da ya yi mini.”

Ya girgiza kai cikin tausayi. “Allah sarki. Ai tunda ke kika rubuta, kya sake rubutawa in Allah ya nufa. Namiji yana da abubuwan da ba a buɗewa bayan ransa. Sutura muke yi masa.”

“Ba nasa nake nema ba. A buɗe mini na ɗan lokaci, ka tsaya a kaina, in kwashe nawa in fito.”

“In na buɗe miki yau, gobe ƙanina ya ce in buɗe masa, jibi magana ta tashi. Ki yi haƙuri, Hajiya, ki ji da takabarki. Yanzu ba lokacin kwamfuta ba ne.”

Ya yi sallama ya fita. Tun ranar rasuwar nake jin kalmar haƙuri, safe da yamma, kuma ina karɓa hannu biyu, don mutuwa ba ta da wani magani. Amma wannan ba mutuwa ba ce, makulli ne a aljihun mutum. Raina ya ɓaci sosai, irin ɓacin da ban ji ba tun da na bar aji. Wai kya sake rubutawa. Nawa ma a ce na tuna rabi, jan rubutun nasa fa, wa zai sake mini shi?

Yana fita na janyo ƙaramar kwamfutata daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe ta. Tunanina mai sauƙi ne: an kulle ƙofar katako, amma ni dama ba ta nan nake shiga ba. Na kunna, na nemi foldata. Tana nan a inda take, sai dai da jan giciye a kanta. Na danna, ta yi ta juya ɗan zobe, can ta turo saƙo da Turanci wai ba ta sami hanya ba. Na sake dannawa, ta sake faɗa. Na kashe na kunna, don na ji mijina yana cewa rabin ciwon kwamfuta wannan ne maganinsa. Nawa ciwon yana cikin ɗaya rabin.

Na kira 'ya'yana, waɗanda sun koma gidajen mazansu bayan bakwai. Babbar ta ce, “Mama, don Allah ki bari, kada a fara saɓani da su Baffa tun ba a zo rabo ba.” Ƙaramar ta ce za ta nemo mini wani da ya iya. Na ce wane namiji zan shigo da shi ɗakina ina takaba, ga baffanninta zaune a falon waje? Suka yi ta rarrashi. Na ce na ji, na ajiye wayar, ban kuwa ji ba.

Da yamma ƙawata ta zo. Malama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya, tun kafin in je hajjin. Kirista ce 'yar Zariya, a Badawa take zaune, tare muka yi aiki, tana koyar da lissafi ina koyar da kimiyya. Tun da aka yi rasuwar kusan kullum sai ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta zauna kusa da ni, wani lokaci ba ma magana. Saninta da kwamfuta bai wuce nawa ba, wataƙila ma na ɗan fi ta. Na zayyane mata komai. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

Ta ce, “To, Hajiya, kuka za mu yi ko aiki?”

Na ce, “Kukan na gama, shi ma na haushi ne.”

“Madalla. Shekara nawa muna gaya wa yara in tambaya ta yi wuya su fasa ta gunduwa-gunduwa? Yau ga ta a kanmu. Abu ɗaya za mu riƙa taɓawa, mu gwada, sannan mu taɓa na gaba. Me ya kamata mu fara sani?”

Na ce mu fara sanin ko babbar kwamfutar tana da rai. In a kashe take, zance ya ƙare.

Ɗakin karatun ƙofarsa a falon waje take, inda maza suke zama, amma tagarsa tana kallon bayan gida, wajen bishiyar mangwaro. Malama ta sa takalmi ta zagaya. Maigadi ya bi ta da kallo, ta ce masa mangwaro take dubawa ko ya fara fure. Ta manna fuska a gilashi, ta leƙa ta inda labule ya ɗan zame. Da ta dawo ta ce ta ga 'yar shuɗiyar fitila a ƙarƙashin tebur, kuma da ta kasa kunne ta ji fanka tana juyawa. Mai ita yana ƙasa, ita tana nan tana numfashi a ɗakinsa, da littafina a cikinta. Na ce alhamdulillahi, sai abu na gaba.

Abu na gaba ya ci mu kwanaki, don mun yi masa kallon raini. Ƙaramar kwamfutata tana samun intanet, saƙonnin ta'aziyya suna ta shigowa, saboda haka muka ce ai layi lafiya yake, muka wuce muna laluben wasu wurare. Sai wata safiya na kai hannu kan 'yar alamar wai-fai da ke ƙasan allo, na karanta sunan layin da nake kai. Mijina layi biyu ya yi a gidan nan. Duk baƙon da ya zauna a falonsa, kafin ya sha ruwa sai ya nemi fasuwod, shi kuma ba ya iya hanawa, don haka ya ware wa baƙi nasu layin. Yana ba su intanet, amma ba ya barin su ga kwamfutocin gida. A kwanakin makoki ƙaramar 'yata ta ari kwamfutata tana tura sanarwa, ta ɗora ta a kan layin baƙi, don shi ne kowa a gidan ya haddace.

Na nuna wa Malama. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, “Ashe baƙuwa ce ke a gidanki, Hajiya. Sannu da zuwa, an kawo miki ruwa?”

Ni ban yi dariya ba, don abin da ta faɗa da wasa shi nake ji a jikina tun da aka kulle ɗakin. Na koma layin gida, fasuwod ɗinsa a kaina yake. Na danna foldar. Jan giciyen yana nan daram.

Muka koma tunani. Sai na tuna mijina bai yarda da wai-fai ba a kan babbar kwamfutarsa. Yakan ce abin da ba ya gani da ido ba zai ɗora aikinsa a kai ba. Waya ya ja mata, wata ruwan toka, daga akwatin intanet da ke falon ciki, wanda yake kira rauta. Na ɗaga kai, ga ta nan ta bi gefen silin ta nufi korido. Shekaru ina wucewa ta ƙarƙashinta, ban taɓa tambayar inda ta nufa ba.

Ƙarshen koridon nan a bakin falon maza yake. Malama ta ɗauki tire ta jera kofunan ruwa a kai, ta tafi tana tafiya a hankali, idonta a silin kamar mai neman gizo-gizo. Wayar ta sauka a kan wata kanta da ke lungu, ta shiga wani ɗan ƙaramin akwati mai rarraba waya, daga nan wata ta ɓulla ta bango ta shiga ɗakin karatu. Akwatin a mace yake, ba fitila ko ɗaya. Fuloginsa yana reto a gefe, a soket ɗin kuma ga wata farar caja da mai ita ya manta.

Wanda bai taɓa karɓar 'yan dubiya da 'yan makoki a gidansa ba ba zai gane ba. Mutane suna zuwa daga gari mai nisa, kowa da waya a hannu, kowace waya tana kukan yunwa. Duk soket ɗin da ido ya gani nasu ne. A gidan nan an zare fanka, an zare talabijin, har firji an taɓa zarewa, sai da nama ya fara wari aka gane. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Wani ne kawai ya ga soket a lungu da wani abu da bai san amfaninsa ba, ya cire ya sa cajarsa, ya ci gaba da gaishe-gaishe.

Malama ta zare cajar ta mayar da fulogin. Ɗaya daga ƙannen Yaya ya leƙo ya ce, “Madam, me ake nema?” Ta ɗaga masa cajar ta ce, “Mai wannan nake nema, ko taka ce?” Ya ce ba tasa ba ce, ta miƙa masa ruwa. Ta dawo tana haki ta ce fitilu kore suna ta ƙiftawa.

Na danna foldar da bismillah. Zoben ya juya, ya juya, ta ce ba ta sami hanya ba.

A nan ne na so in yi jifa da kwamfutar. Na ɗaga ta sama da gaske, Malama ta riƙe mini hannu. Ta ce in na fasa wannan, babin da ya rage mini ma ya tafi. Na ajiye, na tashi na yi alwala, na yi la'asar, na zauna ina huci. Ga sadakar arba'in ta matso, an fara sayo shinkafa da man gyaɗa. Yaya ya aiko a tambaye ni ko akwai abin da nake buƙata. Na ce a gaya masa ya san abin da nake buƙata.

Da safiyar sadakar, mata suna tsakar gida suna hura wuta, na rufe ƙofata na sake buɗe kwamfutar. Malama ta zo da wuri ta zauna a bakin gado. Na shiga wurin saitin layi, na bi shi rubutu bayan rubutu, kamar yadda nake bin takardar jarrabawar yarinyar da na san ta iya amma ta faɗi. Sai na ga wuri guda da ta ba da zaɓi biyu: ko layin nan na gida ne, ko na bainar jama'a. Tun da ta je layin baƙi ta dawo, ta ɗauki gidan gaba ɗaya a matsayin tasha. A tasha kuwa ɓoye kanta take yi, ba ta ganin kowa, kowa ba ya ganinta. Na gaya mata nan gida ne, har da baki na faɗa. Na koma na duba, sai ga hoton 'yar kwamfuta ya fito, a ƙarƙashinsa sunan da mijina ya sa wa tasa, sunan ƙauyen da aka haife shi.

Na danna. Wani ɗan akwati ya buɗe yana neman suna da fasuwod. An daɗe ba a haɗu ba, ta manta da ni.

Malama ta sauke numfashi. Ta ce, “Shi ke nan, mun zo bakin ƙofa. Kin san nasa?”

Na ce, “Ban sani ba, kuma ba na buƙata.”

Ranar da mijina ya haɗa kwamfutocin nan, da nasa sunan da nasa fasuwod ya so in riƙa shiga, wai ya fi sauƙi. Na ce ban yarda ba. Ya ce me zai ɓoye mini? Na ce ba zancen ɓoyo ba ne, ba zan riƙa shiga wurin aikina da makullin aro ba. Muka yi ta yi, har na ɗaure fuska na kwana biyu ina ba shi abinci ba hira. Daga ƙarshe ya ce bai taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba, sai gwaggona ungozoma. Ya zauna ya buɗe mini tawa ƙofar da sunana, ya juya baya na sa fasuwod ɗin da nake so. Ƙofar foldata kawai take buɗewa, nasa kayan ko ganinsu ba na yi. Ya daɗe yana tsokanata da wannan, in ya ga na zauna rubutu sai ya ce mai gida ta shiga gidanta.

Na rubuta sunana, na rubuta fasuwod ɗina. Foldar ta buɗe. Babi-babi suka jeru, daga kakata har mahaifiyata. Na buɗe ɗaya don in tabbatar, ga jan rubutun nan a gefe: “Wannan ba gaskiya ba ne, amma ya yi daɗi, ki bar shi.” Ban tsaya karantawa ba, na san in na fara ba zan iya komai ba. Na kwafe duka zuwa tawa, na kuma kwafe a filashi, ɗan abin ajiyar rubutu da Malama ta zo da shi a jakarta.

Ana cikin kwafewa muka ji wata ƙara daga ƙarshen korido. Ƙarar na san ta, ƙarar firinta ce in ta farka tana jan takarda. Sai a lokacin na gane. Ranar da na dawo daga asibiti ba tawada ce ta ƙare ba, tun a lokacin wani ɗan dubiya ya zare akwatin. Babin da na tura bai ɓace ba, yana nan a kwamfutata yana jiran hanya, yau hanya ta buɗe ya wuce.

A falon waje an gama addu'a ana jiran abinci. Hirar maza ta ɗauke ɗif. Na ji wani yana salati a hankali, sannan na ji kukan ƙofar da na sani, an buɗe ɗakin karatu. Na sa hijabina na miƙe. Malama ta ce, “Ina za ki?” Na ce ba a hana mai takaba tafiya a cikin gidanta ba.

Na bi koridon har ƙarshe, na yi sallama, maza suka sunkuyar da kai suka ba ni hanya. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi, hularsa a kan tebur, tabaraunsa a kan wani littafi, ƙamshin turarensa bai gama fita ba. Yaya yana tsaye a gaban firintar, da takarda ɗaya a hannunsa, sauran suna ta fitowa.

Ya ce, “Hajiya, mene ne wannan?”

“Littafina ne, Yaya. Na shiga na kwashe.”

Ya taɓa aljihunsa. “Kin shiga? Makullin yana wurina.”

“Ta ƙofata na shiga. Marigayi ne ya yi mini ita, da sunana. Nasa ban taɓa ba, ko ganinsa ba na yi, suturar da kake so tana nan. Gobe ka kira mai gyaran ya wanke, a raba yadda Allah ya ce. Ko alƙalami ba zan ɗauka a ɗakin nan ba.”

Ƙaninsa da ke bakin ƙofa ya ce, “To waɗannan takardun fa? Ai a ɗakin suka fito.”

Na juya na dube shi. Na ce, “Farar takardar ta yayanka marigayi ce, abin da ke kanta nawa ne. In ka iya raba su, bismillah.”

Yaya ya dubi takardar da ke hannunsa, na ga leɓensa yana motsi, ya karanta layi ɗaya ko biyu. Ya ce, “Me ya sa suke fitowa yanzu?” Na ce marigayi na aika wa, tun yana asibiti, sai yau suka iso. Yaya ya jira firintar ta gama, ya tattara takardun da kansa, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya miƙo mini. Da ɗuminsu na karɓa. Ya ce, “Allah ya jiƙansa.” Na ce amin. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban yi masa godiya ba. Washegari mai gyara ya zo ya wanke kwamfutar, ina ɗakina na ji shigarsa da fitarsa.

Da na fita takaba na zauna na bi littafin daga farko. Inda ya ce in yanke, yawanci na yanke. Inda ya ce na cika kare gwaggona, na ƙara kare ta, don musun bai ƙare ba. Kowane babi da hannunsa a ciki, sai na ƙarshe, wanda gefen shafinsa fari fat ne.

Duk wanda ya karanta littafin abu ɗaya yake gaya mini: babin ƙarshe ya yi tsawo, yana ja, bai kai sauran ba. Ƙaramar 'yata ta ce in ba ta ta rage mini shi. Malama ta zo da jan biro a jaka ta ce ita ma ta iya. Na san gaskiyarsu ce, ina ganin jimlolin da da ya karanta zai ce numfashinsa ya ƙare. Ban taɓa ko waƙafi ɗaya ba, kuma ba zan taɓa ba. Babin yana da mai gyaransa, na aika masa, ya isa ɗakinsa. Bayan shi ban ba wa kowa wannan aikin ba.